Rabin eriyar mota, jikin motar ne

Direbobin da ke bin babbar hanya daga Gaundare zuwa Garwa, su zarce Marwa har Kusiri, sun saba da yadda tashar FM take dusashewa da zarar an yi nisa da gari, kuma galibi rediyon suke ɗora wa laifi, alhali sau tari ciwon yana wajen eriya. Haɗa ta da hannu ba ya cin kuɗi, domin sandar walda ta tagulla ko wayar ƙarfe mai tauri ta isa, amma aiki ne na awo, ba na kintace ba.

Tsawon sandar ya dogara ne ga tashar da ake son kamawa. Ana raba 75 da lambar tashar a ma'aunin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon a mita, sannan a ɗan rage kamar kashi 5 cikin 100. Tashoshin FM suna tsakanin 87.5 da 108, saboda haka idan aka ɗauki tsakiya, wato 98, sandar za ta kama santimita 73. Rediyon magana na direbobi da ake kira CB yana aiki a kan 27, eriyarsa kuwa takan kai mita 2.6, tsayin da rassan darbejiyar bakin titi ba za su ƙyale ba, shi ya sa ake gajarta ta, a naɗa wayar tagulla a gindinta domin cike gurbin abin da aka rage, duk da cewa ƙarfinta yana ɗan raguwa.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne wajen ɗaurawa. Sandar nan rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin shi ne ƙarfen motar. Kebur ɗin da ke shiga rediyo yana da waya a tsakiya da kuma saƙar waya da ta lulluɓe ta. Ta tsakiya ce ake haɗawa da sanda, a raba sandar da jikin mota da roba mai kauri, ita kuwa saƙar dole ne ta kama ƙarfen motar tsirara. Wannan yana nufin a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin a ɗaure noti, abin da mai sabuwar mota yakan ji kamar fatarsa ake kankarewa. Tsakiyar rufi ya fi ko'ina, bamba kuwa ita ce koma baya, domin jikin motar kansa yana tare siginar.

Mai sauraro kawai ba ya asara idan awonsa ya ɗan kauce. Mai aika magana kuwa sai ya gwada da na'urar SWR, mai auna yawan wutar da ke komowa daga eriya, yana datse sandar kaɗan-kaɗan har allura ta sauka ƙasa da 2, in ba haka ba wutar da ta kasa fita za ta komo, tana iya ƙona rediyon. Yana kuma buƙatar izinin hukumar kula da sadarwa, wato ART a Kamaru, ko ARCEP a Cadi, kuma ba zan shawarci kowa ya tunkari shingen jami'an tsaro a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da irin wannan na'ura babu takarda ba.

Kafin damina a toshe bakin kebur da gam mai hana ruwa, domin idan ruwa ya shiga saƙar, tagullar takan yi baƙi, sai dai a sauya kebur ɗin gaba ɗaya.