Saƙon godiya bayan jinyar maiɗakina

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ni da iyalina muna miƙa godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a lalurar maiɗakina, wadda jijjigar masu ciki ta kama bayan sallar isha'i, cikinta yana wata tara, a ƙauyenmu da ke ƙasar Anka. Jiya aka yi suna, kuma mai jego da jaririya suna cikin ƙoshin lafiya.

Ƙaramin asibitin da muka kai ta ba shi da likita, sai ungozoma da malamin asibiti guda, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san ba a kama hanyar Gusau da dare. Godiyata ta farko ga wannan ungozoma take, domin ba ta ji nauyin neman taimako ba: tana gama auna jinin ta ga ya hau ƙwarai, sai ta kira wata likitar mata a Gusau ta bidiyon WhatsApp, ta juya wayar yadda likitar za ta ga marar lafiyar da idonta. Likitar ta sa a kwantar da ita ta gefen hagu, ta tabbatar wa ungozomar adadin allurar magnesium sulphate da za a fara da ita, ta ce a sa robar fitsari, a riƙa duba numfashi da motsin gwiwa kafin a maimaita allurar duk bayan awa 4. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin ungozomar tana cewa, "Likita, numfashin ya daidaita," ita kuwa tana amsawa, "Madalla, Sista, a ci gaba da lura." Sau uku likitar tana kira da kanta kafin asuba.

A daren nan na tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara. Da a wancan lokacin abin ya same mu, ban san inda za mu sa kanmu ba.

Da gari ya waye muka isa Gusau muka tarar an shirya ɗakin tiyata, an tanadi jini, saboda bayanin marar lafiya ya riga mu isa. Likita, Allah ya saka miki da alheri, ya albarkaci zuriyarki, ke da abokan aikinki da suka yi mata aiki.

Ina kuma gode wa maƙwabcinmu da ya kawo batirin caji lokacin da wayar ungozomar ta kusa mutuwa, da direban da ya ƙi karɓar kuɗin mota, da ƙanena biyu da suka ba da jini. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa. Mai jego ta ce a gaishe ku, kuma mako mai zuwa za mu kai ta wurin ungozomar a sake auna jinin, in Allah ya yarda.