Abin da karen agwagi na Holan ya koya mini

A karatun likitancin dabbobi an fi cika mu da sunayen cututtuka da magunguna, tarihin dabba kuwa sai wanda ya sa kansa. Ni dai ƙaramin karen Holan da ake kira Kooikerhondje ne ya sa na daina raina wannan ɓangare.

Kare ne fari mai dabbare-dabbaren ja, tsayinsa bai wuce santimita 40 da 'yan kai ba, da baƙin gashi mai tsawo a ƙarshen kunnuwa. Yau a falo yake kwana, amma asalinsa ma'aikaci ne. Masu kama agwagin daji a Holan sukan haƙa tafki mai rassa, su rufe rassan da raga, su jera shingayen zana a gefe. Sai karen ya riƙa ɓullowa yana ɓacewa tsakanin shingayen, yana kaɗa farar jelarsa, agwagi su biyo shi don son ganin ƙwaƙwaf har su shige tarko. Duk wannan ba haushi ba hayaniya. Ubangidansa na laɓe, da hannu yake yi masa ishara.

Da na fahimci haka sai halinsa ya fito mini fili. Karen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓa don ya karanci motsin mutum ɗaya cikin shiru, yaya za a yi ya jure tsawa? Shi ya sa yake ɗari-ɗari da baƙo, amma ya manne wa mutanen gidansa. In an kawo shi asibiti nakan sassauta murya, in tsuguna, in bari shi ya fara zuwa. Mai kiran wannan tsoro bai yi masa adalci ba.

Darasi na biyu ya fi ci mini rai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu irin ya kusa ƙarewa, sai wata basarakiya 'yar Holan, Baroness van Hardenbroek van Ammerstol, ta ba wani ɗan koli hoton karen don ya riƙa neman irinsa a ƙauyuka. A lardin Friesland na Holan ya samo wata karya mai suna Tommie, daga gare ta aka sake tayar da irin, hukumar karnukan ƙasar ta amince da shi a 1971. Sai dai tsatson ya yi ƙaranci, cututtukan gado suka samu wurin zama, har da ta von Willebrand mai hana jini daskarewa. Don haka kafin in sa wa irin wannan kare wuƙar tiyata, sai na ga sakamakon gwajin jininsa ko na iyayensa.