Daga Madina zuwa Gharamil, neman tauraro mai wutsiya

A Oktoban 2024 na sauka gidan kawuna a Madina bayan na gama Umara. A nan aka haife shi, kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya ratso Cadi da Sudan, ya tsallako Bahar Maliya. A lokacin ana ta zancen tauraro mai wutsiya da ya bayyana a yamma, wanda ake kira Tsuchinshan-ATLAS. Mun hau rufin gida mun duba, fitilun birni sun shanye shi. Sai ɗan kawu ya ce mu tafi Al-Ula, can duhu ke nan da sauransa.

Kawu bai so ba da farko. Ya ce, "Ɗana, kakanninmu cewa suke in wannan ya fito, ko sarki ya mutu ko a yi yunwa." Na ce, "Kawu, ai a garin nan rana ta yi husufi ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), ya kuma faɗa wa mutane rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa." Ya yi shiru, can ya ce a sa masa darduma a mota.

Tafiyar ta haura kilomita 300, arewa, duk baƙin dutse da rairayi. Mun wuce gonakin dabinon Al-Ula ba mu tsaya ba, muka nufi Gharamil, inda dogayen duwatsu sirara ke tsaye a cikin yashi. Mun dace da lokaci, don wata ya cika ranar 17, yanzu kuwa ya fara makara wajen fitowa.

Da muka idar da Magariba, Zara ce ta fara bayyana. Sama da ita, ta hannun dama, sai ga shi: kai ɗan dishi-dishi, wutsiya ta miƙe sama kamar hayaƙin turaren wuta. Da madubin hangen nesa wutsiyar ta ninka tsawo. Raina ya sosu da na tuna yaran Kano da Madina da yawa za su girma ba su taɓa ganin sama haka ba.

Abin nan dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, daga can bayan duniyoyin da ke kewaya rana. In ya matso, zafi ya mai da ƙanƙarar tururi, hasken rana da iskar da take fesowa su tura ƙurar baya, shi ya sa wutsiyar kullum ke juya wa rana baya. A Janairun 2023 masu nazarin taurari a Sin suka fara ɗaukar hotonsa, wata na'ura a Afirka ta Kudu ta sake gano shi a Fabrairu. Ranar 12 ga Oktoba ya fi kusantar mu, kimanin kilomita miliyan 71.

Muna shan gahawa kawu ya tambaya ko tauraro na mutuwa. Na ce ƙwarai, wasu ma tarwatsewa suke yi, haskensu ya rinjayi na sauran taurari na tsawon makonni. A shekarar 1006 Ali bin Ridwan, likitan Masar, ya ga irin wannan tauraro da ya tarwatse ya rubuta, ya kwatanta girmansa da na Zara. Rabon da a ga irinsa da ido a rukunin taurarin da muke ciki tun 1604. Kawu ya ce, "To mu me ya hana mu rubuta namu?" A take ya sa ɗansa ya rubuta kwanan wata da wurin a waya.

Wata na ɓullowa wutsiyar ta dushe, muka tattara muka kwana a Al-Ula. Mai niyyar zuwa ya duba kwanan wata tukuna, ya nemi motar da ke iya yashi da wanda ya san hanya, ya kuma riƙe rigar sanyi.