Gora ba ta san rula ba

Sati uku na yi ina zuwa rumfar wani tsoho don in koyi haɗa wau, abin nan da ake saki iska ta ɗaga sama, bai ba ni komai ba sai wuƙa da tsagin gora. Ba takarda, ba zare, ba almakashi. In zauna a tabarma, in shimfiɗa tsumma a cinya, in kwantar da gorar a kai, in danne ta da kaifin wuƙa ina janta baya, ɓawonta yana zuba a ƙafata kamar gemun masara. In na ga ta yi sai in miƙa masa. Ya kama bakin biyu, ya lanƙwasa ta, ya runtse ido ɗaya, ya maido mini. "Belum, Awe." Wato da saura. Awe shi ne abin da mutanen Kelantan ke kiran saurayi, ni kuma ina ce masa Pak Cik, kamar dai ka ce Kawu.

Karatu ne ya kai ni Malesiya, digiri na biyu a fannin kimiyyar kayan ƙere-ƙere, kuma Allah ya sa na faɗa jihar Kelantan, can arewa maso gabas, a kan iyaka da Tailan. Abin da ya fara ja mini hankali takardar kuɗinsu ta ringit 1 ce, shuɗiyar nan da aka fitar a 2012. A bayanta akwai zanen wani abu mai faɗin fukafukai da wutsiya kamar jinjirin wata. Na tambayi wani ɗan ajinmu, ya ce wau bulan ke nan, bulan kuwa wata ne a yarensu. Abin nan ne da ake yi da gora da takarda, a ɗaura masa dogon zare, a saki iska ta ɗaga shi sama. Amma nasu ba wasan yara ba ne. Babba yakan kai faɗin mita 2.5, tsayinsa ya wuce mita 3, magidanta ne ke tashinsa a fage bayan girbin shinkafa. Yana jikin tsohon kwabon sen 50 na 1989, tambarin kamfanin jiragen Malaysia Airlines ma daga wau aka ɗauko shi. Uku ne ƙasar ta ɗauka nata: wau bulan, wau kucing mai sunan kyanwa, da wau jala budi. Mutanen jihar Johor kuma suna da wau merak, na dawisu.

Sunan ya ba ni dariya. Wau dai da muka sani a allo. Wasu sun ce daga harafin nan aka samo shi, saboda lanƙwasar fiffiken ta yi kama da shi, kuma maganar ba ta yi mini nisa ba, tun da Malayawa na da nasu ajamin da suke kira Jawi, har allunan shaguna a Kota Bharu, babban birnin Kelantan, da shi ake rubutawa. Wasu kuma sun ce kalmar daga maƙwabtansu na Tailan ta ƙetaro. Da na kawo wa Pak Cik wannan gardama, ɗaga kafaɗa kawai ya yi.

Rumfarsa na kan hanyar da ta fita daga Kota Bharu zuwa bakin teku na Pantai Cahaya Bulan, hanyar masu rinin yadi na batik da masu saƙa. Asabar nake zuwa, don a Kelantan Juma'a da Asabar ne hutu. Yarensu na can ko mutumin Kuala Lumpur sai ya kasa kunne, balle ni, saboda haka rabin karatun da hannu aka yi shi.

A sati na huɗu haƙurina ya ƙare. Na zo da abin awon kauri na ɗakin gwaji, mai nuna har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Tunanina mai sauƙi ne: fiffiken dama da na hagu so ake su zama ɗaya, to a auna. Na yi alama a kowace tazarar santimita 5 daga tsakiya zuwa baki, na fiƙe kowane gefe har lambobin suka yi daidai. Na ƙulla ƙashin baya, na ƙulla fukafukai, na lanƙwasa wutsiya. Pak Cik yana kallo yana shan shayinsa bai ce uffan ba. Jikansa ne ma ya tsaya yana sha'awar na'urar.

Daga nan na afka wa ado, wanda dama shi nake ɗoki. Aikin da suke kira sobek ne: a ninke takarda mai sheƙi, a zana reshe da ganye da fure, a yanke da ɗan siririn wuƙa, a manna wata launin a ƙarƙashi ta leƙo ta ramukan, a sake yankewa, a sake mannawa. Zanen yana da ƙa'ida. Reshen daga tushe ɗaya yake fita ya yi ta nannaɗewa, ba ya tsinkewa a hanya, kuma ganye da fure ake yi, ba siffar mutum ba. Na zuba launi biyar. Sati uku ya ci mini. Na ɗauki hoto na tura gida, ƙanwata ta ce in kawo mata ta rataye a falo.

Ranar tashi, jikan Pak Cik ya riƙe shi can nesa, ni ina riƙe da zare. Ya saki. Wau ya hau kamar tsayin bishiyar kwakwa biyu, ya karkata hagu, ya yi juyi ɗaya, ya yi na biyu, ya sako kai ƙasa ya caki yashi. Ƙashin baya ya tsage. Yara suka yi shewa, ban ga laifinsu ba.

Da muka koma rumfa, tsohon ya kwance ɗaya daga cikin ƙasusuwan fiffiken, ya lanƙwasa shi a gaban idona, ya ɗaga shi saitin haske. Sai ga abu a fili: gefen dama ya yi gantsarwa mai kyau, na hagu ya saki kamar dafaffiyar taliya. Kauri ɗaya, ƙarfi daban. Ya nuna mini gaɓa, ya nuna mini bayan gorar mai santsi, ya nuna cikinta mai taushi. A gefe ɗaya na bar bayan, a ɗayan na kankare shi don lamba ta cika.

Abin kunyar shi ne na san wannan. Na ci jarrabawa a kansa. Zaruruwan gora masu ƙarfi a wajen baya suka taru, suna raguwa in ka nufi ciki, gaɓa kuma tana da nata hali. Na kuma san cewa taurin sanda wajen lanƙwasa yana bin kaurinta ne, kauri sau kauri sau kauri, har in ka rage kashi 10 cikin 100 na kauri, taurin ya faɗi da kusan kashi 27. Da an ba ni a takarda da na lissafa cikin minti biyu. Amma da gorar ta zo hannuna sai na ɗauke ta kamar ƙarfen masana'anta, na auna abin da ke da sauƙin aunawa. Pak Cik bai taɓa tambayar kaurin fiffike ba. Abin da yake tambaya shi ne yadda zai yi in iska ta danne shi, shi ya sa yake danne shi da hannu tun a ƙasa, ya kankare, ya sake dannawa. Lanƙwasar nan da na ɗauka al'adar tsofaffi ce kawai, ashe ita ce gwajin.

Ya ɗaga fiffiken adon ma ya jijjiga a tafin hannu. Launi biyar da gam, nauyi ne. A gasarsu, irin wadda ake yi a Pantai Geting ta Tumpat a Kelantan, ko babban bikin Pasir Gudang na Johor da aka fara a 1995, kyau daban ake duba shi, hawa sama daban, amo daban. Wanda za a rataye a yaba yana iya ɗaukar kaya. Wanda zai hau sama sai an rage masa. Ni ban ma tsaya na yanke wanne nake yi ba.

A daren na buɗe kwamfuta na kalli aikin digirina da wani ido. Wata huɗu ina gyara wani tsarin lissafi da ke hasashen ƙarfin wani haɗin kaya, jadawali sun yi kyau, babi biyu sun sha kwalliya, amma ban karya ko samfuri ɗaya a injin gwaji ba. Kullum ina cewa sai lissafin ya kammala. Malamar da ke duba aikina ta faɗa mini haka sau biyu cikin ladabin nan nasu na Malayawa, wanda in ba ka saba ba sai ka ɗauka yabo ne. Sati na gaba na yi samfura shida na karya su. Huɗu sun karye a inda lissafina ya ce ba za su karye ba. Na ji zafi, amma gara a wata na biyar da a gaban masu jarrabawa. Babi ɗaya na zubar gaba ɗaya.

Akwai wani abin da sai daga baya na lura da shi. Gorar da yake ba ni ba ta jiya ba ce. Sai ta ƙosa ake sarewa, a jiƙa ta a ruwa ko taɓo na makonni don sitacin da ke jawo ƙwari ya fita, sannan a shanya ta a inuwa. Wanda ya zo saye yakan yi ciniki a kan fure da launi, ba ya sanin akwai wannan. Ban cika son in mayar da komai wa'azi ba, amma tun daga lokacin in ɗalibi ya kawo mini sakamako mai kyau, tambayata ta farko ita ce yadda ya shirya samfurin.

Kada kuma a ce na dawo ina zagin awo. Hannun Pak Cik shekaru ne suka gina shi, kuma ba ya iya zuba shi a takarda ya bar wa wani. Jikansa ya fi son waya. Da wani zai zauna ya auna lanƙwasar da tsohon ke cewa ta yi, ya rubuta, da an taimaki sana'ar. Kuskurena ba ɗauko na'ura ba ne, abin da na sa ta auna ne.

Wau na biyu farar takarda ce zalla, ko ɗigon launi babu. Sati biyu na yi ina fiƙe gora ina lanƙwasawa, har ranar da ya karɓa, ya duba, ya ajiye a gefensa maimakon ya maido mini. Shi ya ɗaura masa busur, wani ɗan baka da ake sawa a wuyan wau, da siririyar tsarkiya mai faɗi wadda iska ke kaɗawa ta yi ƙugi. Dengung suke ce wa amon. An ce manoma kan bar shi a sama ya kori tsuntsaye daga gona.

Muka fita da la'asar sakaliya, iskar teku ta taso. Yaron ya saki. Wau ya hau, ya ɗan ja hagu, gabana ya faɗi. Pak Cik ya ce a sauko da shi. Bai taɓa gorar ba, ƙullin teraju ya kama, zaren nan da ke haɗa jikin wau da dogon zare, ya matsar da shi kamar faɗin farce. Aka sake saki. Wannan karon ya miƙe, ya yi ta tafiya har ya koma kamar shirwa, ƙugin yana saukowa ta cikin zaren ina jin sa a yatsuna. Tsohon ya tsaya kaɗan yana kallon sama, ya gyara ɗaurin zanensa, ya ce in naɗe zaren a gwangwani kada ya yanke ni, ya juya ya nufi masallaci.