Kaset 14 da ruwan Agege ya cinye

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanena ya biyo ni gida a Agege domin ya nuna mini wani aiki da yake alfahari da shi. Ya karanta tarihi a jami'a, ya gama hidimar ƙasa, yanzu kuma yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ikeja. A cikin wayarsa akwai hirarraki da ya ɗauka da dattawan Zango, unguwar Hausawa ta Agege, masu sana'ar goro da suka gaji sana'ar daga iyayensu. Na saurara, na yaba, sannan na tambaye shi ko ya yi rajista da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya. Sai ya ce, "Baffa, me za su ba ni? Taron farfesoshi ne. Kuma idan na kai musu wannan aikin, wani babba zai ɗauke ya sa sunansa." Gabana ya faɗi, domin kusan kalmomin da na faɗa wa wani abokin aikina ke nan a 1987.

Na karanta tarihi a Zariya a lokacin da sunan Yusufu Bala Usman yake bakin kowane ɗalibi, saboda haka ba zan ce ban san ƙungiyar ba. Na san an kafa ta a Ibadan a 1955, Kenneth Dike ne ya jagorance ta, kuma Abdullahi Smith, wanda ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, yana cikin waɗanda aka fara tafiyar da su. Na san mujallarta ta fara fitowa a 1956, a zamanin da wasu Turawa ke cewa Afirka ba ta da tarihi sai na zuwansu, kuma a shafukanta ne aka nuna cewa abin da dattijo ya riƙe a ka, da takardun Larabci da na ajami, hujja ne idan aka tantance su. Mujallar Tarikh kuwa, wadda ta soma a 1965, domin ɗalibai da malamai irina aka yi ta. Littafin Groundwork of Nigerian History da Obaro Ikime ya shirya wa ƙungiyar a 1980, da shi na shekara da shekaru ina shirya darasi har bangonsa ya yage. Na ci moriyar aikinsu kowace safiya, amma ko sau ɗaya ban biya kuɗin zama mamba ba.

Ina da dalilai, kuma har yau ban ce duka na banza ne ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, albashin malamin sakandare a Legas ba ya kai ƙarshen wata. Ga kuɗin haya, ga mata da yara, ga 'yan'uwa da ke sauka daga Arewa, kowa kuma yana ganin wanda yake Ikko ya samu. Taron shekara-shekara na ƙungiyar yakan zagaya daga wannan jami'a zuwa waccan, kuɗin mota da masauki kuwa daga aljihunka ne. Wanda bai taɓa tsayawa a Oshodi da asuba yana kokawar shiga mota ba, ba zai fahimci yadda mutum yake komawa gida ba shi da sauran ƙarfin rubuta ko layi ɗaya ba. Amma idan zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, akwai girman kai a ciki, akwai kuma tsoro. Ina jin kunyar in tashi gaban manyan malamai in karanta takarda, wani ya ɗaga hannu ya nuna mini kuskure. Sai na lulluɓe tsoron da cewa ba na son a sace mini aiki.

Aikin kuwa yana da daraja. Tsakanin 1987 da 1988 na cika kaset 14 da muryoyin dattawan Zango. Sun ba ni labarin yadda ake ɗaure huhun goro a loda a jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Kano, da yadda fatake suka bar tsohuwar hanyar ƙafa bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, da yadda ake aure da ciniki tsakaninsu da Yarabawa manoman goro. Wani tsoho daga Obalende ya ba ni abin da ya ji daga kakansa game da Hausawan da jami'in Birtaniya John Glover ya ɗauka aikin soja a Legas a 1863, rundunar da sojojin Najeriya ke danganta asalinsu da ita. Na zuba kaset ɗin a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ina cewa sai na yi ritaya zan rubuta littafi. A watan Yulin 2011 aka yi ruwan da ya mamaye unguwanni da dama a Legas, ya shiga ɗakina ya kai gwiwa. Ko ɗaya bai tsira ba. Dattawan nan kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Da na gabatar da ko takarda guda a taro, da an buga wani abu daga ciki, ko kuwa wani ya nuna mini yadda zan ajiye kwafi a gidan adana kayan tarihi na Ibadan ko na Kaduna.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Lokacin da aka fitar da tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a shekarar karatu ta 2009/2010, aka bar ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa, ɗaliban babbar sakandare ma suka guje shi suka koma darasin gwamnati. Ni ma na bi su na koma koyar da gwamnati, ban ce uffan ba. Na gaya wa kaina cewa malami ɗaya a Agege ba zai juya hukuncin Abuja ba, kuma wannan gaskiya ne. Shi ya sa ake da ƙungiya. Waɗanda na kira masu taron banza su ne suka yi ta fitar da sanarwa, suna zuwa wurin hukumomin ilimi, suna magana a jaridu shekara bayan shekara, har Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ƙaddamar da sabuwar manhajar tarihi a 2018, sannan a 2022 aka sanar da horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. Aikin da ɗan ƙanena yake ci a yau a Ikeja, guminsu ne ya samar da shi, ni kuwa ban zuba ko ɗigo ba.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa masu karatun tarihi shawarwari masu yawa, amma da na duba sai na ga ba su da yawa. Ku shiga ƙungiyar, ku biya kuɗin, ku je taro ko da sau ɗaya a shekara biyu, ku karanta takarda a bar masana su yi mata kaca-kaca. Gyaran da za a yi maka a zauren taro ya fi arha a kan kuskuren da za ka koya wa yara shekara 30. Wanda ya ce kuɗin rajista ya yi yawa, ya lissafa abin da yake kashewa a kan data a wata guda. Abin da ke ba ni haushi da 'yan yanzu shi ne, sai ka ga yaro ya kalli bidiyon minti biyu a TikTok ya fito yana gardama a kan jihadin Shehu Usmanu na 1804 kamar ya kwana a kan takardun Sakkwato, amma ka ce ya karanta shafi 20, ya ce kansa na ciwo.

Kada kuma ku shiga kuna jiran a ba ku wani abu. Ƙungiya ba ta biyan albashi, ba ta raba aiki, kuma idan har babu kuɗin tafiyar, kada wani ya hana iyalinsa abinci saboda taro. Ni ma da za a mayar da ni 1987, ban tabbata zan iya biyan kuɗin motar ba. Amma tsoron sata, wannan ku ajiye shi. Abin da ka gabatar gaban mutane da sunanka da kwanan wata ya fi wuyar sacewa a kan abin da ke kwance a waya, wadda za a iya fizgewa ta tagar danfo a cunkoson Oshodi.

Na ce wa ɗan ƙanena ya kawo wayar ranar Asabar, mu zauna mu fara kwafe hirarrakin a takarda, mu yi kwafi uku, ɗaya ya tafi Kaduna. Ya ce, "To, Baffa, in Allah ya yarda," idonsa na kan allon wayar. Dattijon da ya fi ba shi labari ya haura shekara 90, kuma tun azumi bai ƙara fitowa kasuwa ba.