Asabar a kotun King William

Yau bayan sallar azahar Yaya ya cika alkawari, ya kai ni tsohuwar kotun gundumar King William, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba daga Richmond, babban birnin jihar Virginia ta Amurka. Auta ta ƙi bin mu.

Ginin bai kai girman da na zata ba. Ba bene ba ne, jan bulo ne zalla, an jera ɗaya ta tsawonsa na biye ta goshinsa, a gaba kuma baranda ce mai baka biyar, irin wanda maginanmu ke kira bakan gizo. An gina shi wajajen 1725, gundumar kuwa an kafa ta a 1702 da sunan Sarki William na Uku na Ingila, kuma ana ɗaukar ginin a matsayin kotun da ta fi daɗewa ana amfani da ita ba yankewa a Amurka. Gajeriyar katangar da ta kewaye harabar an yi ta ne daga baya domin hana dabbobi shiga, abin da ya sa na ji wurin ya kwanta mini.

A barandar Yaya ya shafa bango ya ce, "Ƙanwata, kin ga yadda ake riƙon kayan tarihi." Sai na gaya masa cewa gobarar 1885 ta cinye mafi yawan takardun ofishin magatakarda, alhali a Virginia ta zamanin bauta cikin wasiyyoyi da lissafin gado ake rubuta sunayen bayi, kowa da kuɗinsa, kusa da shanu da dawakai. Ƙidayar ƙasa ba ta fara kawo sunayensu ba sai a 1870, bayan an 'yanta su, saboda haka jikan da ke neman kakarsa sau da yawa ba shi da wata madafa sai waɗannan takardu.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai gara da suka ƙone, takardun wulaƙanci ne."

Na kasa ba shi amsa, kuma wannan ne ya hana ni barci. Gaskiya ce ya faɗa, wulaƙanci ne a sa wa mutum farashi, amma da sunan kakata ne a wannan shafi, da na fi son in gan shi haka a kan a ce toka ce ta rage.

Har muka haye kogin Pamunkey a hanyar dawowa babu wanda ya sake magana a motar.