Kalmar da Na Faɗa a Kan Kofin Shayi

Jiya a shagonmu na Kantin Kwari na ji ɗan ƙanwata yana ta maimaita "ma ma dei", wata kalmar Kantonis (harshen kudancin China), daga wayarsa, wai shirin zuwa baje kolin birnin Guangzhou na China a watan Oktoba yake yi. Na tambaye shi ma'anarta, ya ce, "Ba laifi ke nan, Kawu." Gabana ya faɗi, domin ni ma haka na ɗauka a 2011.

Wani dattijo ne mai masaƙa a Foshan, kusa da Guangzhou, ya zaunar da ni a ofishinsa, ya ɓanɓaro ganye daga dunƙulen baƙin shayin da suke kira bo lei, wanda ya daɗe yana tattali. Ya zubar da ruwan farko, ya tsiyaya mini na biyu a ɗan kofi kamar ɓawon ƙwai, ya zuba mini ido. Na kurɓa na ji ƙanshin ƙasa irin na sabuwar randa, ba sukari. Na ce, "Ma ma dei." Ya yi murmushi, ya rufe butar. Sai a mota tafinta ya gaya mini cewa a Kantonis kalmar ta fi kusa da "bai yi ba" fiye da "ba yabo ba fallasa". Dattijon bai sake gayyata ta ba, ragin da muka fara magana a kai ya bi ruwa.

To, shayin bai yi mini daɗi ba, kuma ba a tarbiyyantar da ni a kan yabon ƙarya ba. Amma ai mu ma mun san kara. Wa ke kushe tuwon gidan da ya sauka? Abin yana ci na har yau.

Ku yaran yanzu kun ɗauka waya ta gama muku komai! Idan an ba ka abin sha ko abinci, ka ce "gei hou" ko "m cho", wato ya yi, in kuma shayi aka tsiyaya maka ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya. Ka bar "ma ma dei" ga abin kanka, kamar in an yaba Kantonis ɗinka.

Amma fa idan yadi ne, kada kunya ta sa ka ce ya yi. Rini na zuba, faɗa masa ƙarara kafin ka ba da kafin alƙalami, ko ransa zai ɓaci. Ka dai ja shi gefe, ba a gaban yaransa ba.

Yaron ya ce ya ji, idonsa na kan waya.